Magana a Ɗakin Emajensi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Jinya da Ma'aikatan Lafiya

Duk wanda ya taɓa kwana a sashen agajin gaggawa, wanda aka fi sani da emajensi, ya san wurin ba ya shiru. Ga kukan yaro, ga ƙarar na'ura, ga mai kiran "Sista! Sista!", ga dangi cunkushe a bakin ƙofa kowa da waya a kunne. Duk da wannan hayaniya, maganar da za ta ceci rai sau da yawa ita ce ake haɗiyewa, ko a faɗe ta amma ta kasa isa kunnen da ya kamata. Ga tambayoyin da masu jinya suka fi yi, haɗe da wasu da kunya ke hana su yi.

Mun riga su zuwa, amma an shiga da nasu an bar namu a kan benci. Wannan ba son kai ba ne?

Wani lokaci son kai ne, ba za a ɓoye ba, sanayya na aiki a asibiti kamar ko'ina. Amma galibi abin da kuka gani tantancewa ce. A banki wanda ya fara zuwa ake fara sallama, a emajensi kuwa wanda ya fi kusa da halaka. Dabarar daga fagen yaƙi ta fito: Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon na Faransa, ya yi suna da cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni, ko da kurtu ne, hafsa ya jira. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suna da tsarin tantancewa na haɗin gwiwa mai launi uku. Ja a duba shi nan take, rawaya ba da jimawa ba, kore zai iya jira.

Inda ma'aikata suka fi kuskure shi ne rashin faɗa. Da nas za ta tsaya ta ce, "Baba, mun auna shi, jininsa da numfashinsa suna daidai, akwai wata a ciki tana zubar da jini, da mun tsayar za mu kira ku," da rigimar awa biyu ta mutu tun ba ta tashi ba.

Ku ma kuna da naku aikin, domin launi ba ya dawwama. Wanda aka sa a kore da la'asar zai iya komawa ja kafin magariba. Idan kun ga canji ku koma wurin nas ku faɗi ainihin abin da kuka gani: ya daina amsa mini, numfashinsa ya sauya, gumi mai sanyi na karyo masa, hannunsa ya saki. Kada ku ce "jikin ya matsa" kawai. Kuma ku lura, mai ihu aƙalla iska na shiga huhunsa. Wanda ya yi lamo bayan ya sha ihu shi ya fi ba ma'aikata tsoro.

Idan likita ya zo, me zan fara faɗa masa?

Sallama ɗaya ta wadatar. "Ina gajiya, ya aiki, ya iyali" a ajiye su sai an fita daga haɗari, babu likitan da zai ɗauke shi rashin ladabi. Fara da abin da ya kawo ku yau, sannan yaushe ya fara. Labarin ciwon da aka yi shekarar da aka aurar da Yaya zai zo daga baya in an tambaya.

Batun lokaci na buƙatar kulawa ta musamman a wurinmu. Bahaushe ya ce "kwana biyu ke nan" yana nufin mako uku, likita ya rubuta kwana 2 a fayil. "Tun ɗazu" na iya zama minti 20, na iya zama tun hantsi. In ba a duba agogo ba, sallah ta ishe ku ma'auni: ya yi azahar da ƙafarsa, da aka kira la'asar muka ga bakin ya karkace. Wannan jimla kaɗai ta ba likita abin da yake nema, domin a shanyewar ɓarin jiki allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, ba a cika yin ta bayan awa 4 da rabi daga lokacin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe yana lafiya ba.

Bayan haka sai cututtukan da yake da su, kamar hawan jini, ciwon suga, sikila, farfaɗiya ko asma. Sai magungunan da yake sha, kuma ya fi kyau ku zo da kwalayensu a leda, domin "wata 'yar farar ƙwaya" ta fi ɗari a kanti. Sai maganin da jikinsa ba ya so, misali in ya taɓa shan Septrin ko allurar fenisilin ya yi borin jini ko fata ta saɓule. Na ƙarshe, yaushe ya ci abinci. Ba don a ba shi wani ake tambaya ba. In za a sa shi barci don tiyata da tuwo a ciki, abincin na iya dawowa ya faɗa huhu.

Mahaifiyata tana murƙususu a gida, amma da likita ya tambaye ta sai ta ce "da sauƙi". Yaya zan yi?

Wannan "da sauƙi, alhamdulillahi" ta sa an sallami mutane da yawa waɗanda ya kamata a kwantar. A tarbiyyarmu amsa ce ta mai imani da haƙuri, ba rahoton jiki ba ce. Likitan da ya tashi a cikinmu ya san haka, sai ya wuce ta ya sake tambaya. Wanda bai sani ba sai ya rubuta cewa ciwo ya lafa.

Ke da kika kwana da ita, ki yi magana. "Likita, Inna ba ta son faɗa ne, amma jiya ba ta runtsa ba, kuma a zaune ta yi sallar asuba." Ba ƙaryata ta kika yi ba, cika mata zance kika yi.

Ma'aikata kuma su sauya salon tambaya. Ma'aunin zafin ciwo na sifili zuwa 10 da ake koyarwa a makaranta ba ya shiga kan tsohuwar da ba ta saba sa wa azaba lamba ba. A tambaye ta: ya hana ki barci? Ya hana ki ruku'u? Ya kai naƙuda, ko bai kai ba? Nan za a ji gaskiya.

Kunya ma haka take. Mai haihuwar fari an hore ta kada a ji muryarta, sai ta cije har abu ya yi nisa. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, a gaban surukai ma sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba, baƙon ma'aikaci ya zaci ba ta damu ba ne, alhali ita ce ta san komai game da ciwon. Fulani da nasu fulakon sun ma fi mu. Maganin abin mai sauƙi ne: a fitar da kowa na minti biyu, a ja labule, in da hali mace ta tambayi mace.

Dole ne in faɗi cewa mun ba shi maganin gargajiya? Faɗa za su yi mana.

Dole ne. Wataƙila a yi faɗan, ko da yake bai kamata ba, amma faɗa ba ya kisa. Jiƙo, sassaƙe, rubutu, haɗin mai kemis, maganin ƙarfin maza, tiramadol, duk a faɗa, da yawansu da lokacin da aka sha. Wasu na taɓa ƙoda ko hanta, wasu na karo da allurar da ake shirin yi.

Idan guba ce, ku zo da kwalbar. Wanda ya sha fiya-fiya akwai allurar da ke karya dafinta, atirofin, amma sai an san ita ce. Yaron da ya kurɓi kananzir aka ɗura masa manja ko madara ya yi amai, a faɗi aman, domin haɗarin kananzir shigarsa huhu ne. Wanda maciji ya sara, a faɗi lokacin, da kamannin macijin in an gani, da ko an ɗaure ko an tsaga wurin. Ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, inda kububuwa ta yi yawa, kullum kokensu shi ne sai an ɓata kwanaki a gida ake kawo mutum. In an ɓoye kwanakin kuma, an ƙara musu duhu.

Haka in an tambayi budurwa ko bazawara yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Ba zargi ba ne. Duk macen da ta isa haihuwa ta zo da ciwon mara ana yi mata wannan tambaya, saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa na iya fashewa jini ya taru a ciki ba a gani. Abin da ta faɗa sirri ne, doka ta hana ma'aikaci kai shi waje.

Ga ma'aikata kuwa: duk wanda kuka tsawata wa yau, gobe ƙarya zai yi muku, kuma zai gaya wa maƙwabtansa su ma su yi.

Mutum huɗu sun tambaye ni sunansa da abin da ke damunsa. Ba sa magana da juna ne?

Mai kati, nas mai tantancewa, ƙaramin likita da babban likita kowa da abin da yake nema a cikin labarin. Tambayar suna kafin allura ko ƙarin jini kuwa da gangan ne. A ɗaki ɗaya ana iya samun Aisha Muhammad uku.

Likitan ba ya jin Hausa, mu kuma ba ma jin Turanci. Wa zai yi tafinta?

Wannan kullum ne a asibitocinmu, musamman inda likita ɗan bautar ƙasa ne da aka turo daga Kudu, ko maras lafiya Bafulatanin daji ne, ko Babarbare, ko Buzu. Abin da aka saba shi ne a kira duk wanda ke kusa: mai shara, mai gadi, ko ɗan makarantar da ya rako. Ya fi babu, amma da haɗari. A nemi nas ko wani ma'aikacin lafiya mai jin harsunan biyu tukuna. Yaro shi ne zaɓi na ƙarshe, domin babu uwar da za ta bayyana zubar jininta ta bakin ɗanta, kuma bai dace ɗan shekara 12 ya zama shi zai gaya wa ubansa labari mai nauyi ba.

Kalma ɗaya na iya juya komai. A 1980 an kai wani saurayi ɗan shekara 18, Willie Ramirez, wani asibiti a Fulorida ta Amurka a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka yi amfani da kalmar da a wurinsu ke nufin ya ci wani abu da ya ɓata masa jiki. Ma'aikata suka ɗauke ta da ma'anar ya bugu da ƙwaya. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane an yi kusan kwana biyu, hannuwa da ƙafafu sun shanye har abada. Diyyar da aka sasanta a kai ta kai dala miliyan 71.

Hausa cike take da irin waɗannan tarkuna. "Ciwon zuciya" na iya zama ƙwannafi, na iya zama baƙin ciki, na iya zama bugun zuciyar gaske. "Sanyi" ya haɗa mura da ciwon gaɓɓai da ciwon mara na mata. "Shawara" da "basir" kowanne buhu ne da aka zuba cututtuka goma a ciki. Tafinta nagari ba ya fassara sunan ciwo ya tsaya. Sai ya ce: nuna mini wurin da yatsa, yaya kake jin sa, suka ne ko ƙuna ko nauyi? Kurma kuma a bar ɗan uwansa da ya iya maganar hannu ya tsaya kusa, kada a kore shi tare da sauran dangi.

Na ji likita ya faɗi magani, nas ta maimaita da ƙarfi, shi kuma ya sake cewa "haka ne". Ba ta gane ba ne?

Ta gane, aikin ke nan yadda ya kamata. Likita ya kira sunan mutum ɗaya, ya ce a ba da adiranalin miligiram 1 ta jijiya. Ita ta maimaita, ta yi, sannan ta ce ya shiga. In ya ce "wani ya kawo jini" ba tare da kama suna ba, kowa zai zaci wani ya tafi. Ga shi kuma a Turancin da ake aiki da shi sha biyar da hamsin kusan sautinsu ɗaya, balle a bayan takunkumi cikin hayaniya.

Daga matuƙa jirgin sama aka aro wannan ɗabi'a. A 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu, kuma cikin dalilan akwai maganar rediyo da aka fahimta a baibai da nauyin bakin mataimakan kyaftin a gabansa. Asibiti ma ya ga irin nasa. A 2005 a Ingila, Elaine Bromiley ta shiga ƙaramar tiyatar hanci, aka kasa sa mata bututun numfashi. Nas-nas sun hango inda abin ya dosa, har an kawo kayan huda maƙogwaro, amma manyan likitocin da suka duƙufa ba su saurara ba. Ta rasu bayan kwana 13. Mijinta matuƙin jirgi ne, shi ya dage a binciki abin don a koya, ba don a hukunta ba.

A wurinmu da ake girmama na gaba, wannan darasi ya fi wuya. Ƙaramar nas ta ce wa kwansaltan, wato babban likita, "ranka ya daɗe, ina ganin adadin ya yi yawa" ba ƙaramin abu ba ne. A ganina, babban da ya iya cewa "duk wanda ya ga kuskurena ya faɗa" tun kafin a fara aiki ya fi wanda ya fi shi karatu amfani.

Me ya sa lokacin canjin aiki sai a rasa mai kula mu?

Suna miƙa marasa lafiya ne ga masu karɓar aiki, kuma a nan bayani ya fi zubewa. Asibitoci da dama na bin tsarin SBAR, wanda aka aro daga sojan ruwan Amurka: halin da ake ciki, tarihin maras lafiya, abin da mai magana ke zato, da abin da yake so a yi. Wani bincike da aka buga a 2014, a asibitoci 9 na Amurka da Kanada, ya nuna tsara miƙa aiki da wani tsari makamancin wannan ya rage kurakurai da kashi 23 cikin ɗari.

Kada ku katse su sai in jiki ya rikice. Amma da sun gama, mai jinya ya gaida sabuwar nas ya tuna mata abin da ke rataye: an ɗebi jini da azahar ba a kawo sakamako ba, an ce za a sake allura ƙarfe goma. Ma'aikata na canjawa sau uku a yini, ku ne ba ku canjawa.

Sun ce sai mun biya, ko sai mun kawo takardar 'yan sanda. Haka doka ta ce?

A Najeriya, a'a. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, karɓar mai raunin bindiga ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani.

Tsakanin doka da abin da ke faruwa akwai tazara, kowa ya sani. Sau da yawa nas ɗin da kuke wa ihu ba ta da ko safar hannu a kabad. Ku nemi shugaban masu aikin wannan lokaci, ku tambaya a natse: me za a iya fara yi yanzu kafin kuɗi su iso? In an ƙi, ku rubuta lokaci da abin da aka ce, ku kai teburin SERVICOM, wato masu karɓar koke-koken jama'a a ma'aikatun gwamnati, ko ofishin shugaban asibiti daga baya.

Ana so a yi wa matata tiyata ina kan hanya. Ba sai na sa hannu ba?

Mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon sa hannu a kan jikinta. Shawara da miji abu ne mai kyau in lokaci ya bari, amma jijjiga da zubar jini bayan haihuwa ba sa jiran mota ta taso daga Legas. Malam, in an kira ka a waya, ka ce a yi, kuma tun cikin na wata bakwai ka gaya mata da mahaifiyarka cewa ka yarda a yi duk abin da likita ya ga ya dace. In mutum a sume yake babu nasa a kusa, likita na da hurumin ceton ransa. Baligi kuma na iya ƙin magani bayan an yi masa bayani, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001, amma a 2019 ta nuna iyaye ba su da ikon hana yaro ƙarin jinin da ransa ya rataya a kai. Sa hannu ko dangwala yatsa ba tare da bayani da harshen da mutum ke ji ba, cika takarda ne kawai. Dokar 2014 ta ce a yi bayanin da yaren da maras lafiya ke fahimta.

Me ya sa ake korar mu waje?

Wuri, iska, da sirrin na gadon kusa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa wanda ya san ciwon, ba lallai babban gida ba, ya zama shi ke shiga, shi ke karɓar bayani, shi ke amsa wayar dangi. Ɗaukar hoto ko bidiyo a ciki kuma a bari.

In abin ya ƙi, yaya ya kamata a gaya mana?

A zaune, a keɓe, ba a tsaye a baranda ba, kuma daga bakin wanda ya yi aikin. "Sai haƙuri" da "sai addu'a" kalmomi ne masu daɗi amma masu fuska biyu. An sha ganin dangi sun ji "mun yi iya ƙoƙarinmu" sun ci gaba da jiran a ce su shiga su gaishe shi. Hausa na da lafazi mai taushi wanda kuma ba shi da shubuha: Allah ya yi masa rasuwa. A faɗe shi, a yi shiru, a bar mutane su yi salati. Bayanin takarda da ɗaukar gawa ya biyo baya.

Tun kafin a kai nan, in jiki ya yi tsanani a faɗa da wuri. Akwai mai son a kira 'ya'yansa, akwai mai son a laƙƙana masa kalmar shahada, akwai mai son fasto ya zo. Wani bincike a Faransa a 2013 ya gano cewa dangin da aka ba damar tsayawa lokacin da ake ƙoƙarin farfaɗo da nasu sun fi samun sauƙin firgici daga baya. In wuri ya ba da hali, ba laifi ku roƙa mutum ɗaya ya tsaya daga gefe.

Idan waya zan kira fa?

A Najeriya 112, haɗarin mota kuma 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Fara da wuri, da kwatance irin wanda direba zai gane: bayan gidan mai, daura da masallacin Juma'a. Sai abin da ya faru, mutum nawa, suna numfashi ko a'a. Kada ka riga su kashe waya, kuma ka tsayar da yaro a bakin titi ya tare motar.

An sallame mu, ko an tura mu babban asibiti. Me zan tabbatar kafin mu fita?

In turawa ce, zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko wani wuri, kada ku tashi ba takarda mai ɗauke da abin da aka gani, abin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi. Ku roƙa a kira can a ji ko akwai gado, ya fi ku yi ta zagaye gari da mutum a bayan a-daidaita-sahu.

In gida ne, tambaya uku: me aka ce yana damunsa, yaya za a sha maganin, wace alama ce in mun gani mu dawo ko da tsakar dare. Sannan ku maimaita wa nas da bakinku ta gyara muku. Ma'aikaci ya daina tambayar "kun gane?", domin amsar kullum "e" ce. Ya ce, "Hajiya, in kin je gida Alhaji ya tambaye ki, me za ki ce masa?" A nan ake gano cewa "sau uku a rana" an ɗauke shi safe, rana da yamma, dare ya tafi a banza, alhali kowace awa 8 ake nufi: asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya.